Yadin Ganuwa

Idan ka sauka a Roni ka tambayi gidan Malam Muhammadu Lawal, sai a tsaya ana kallon juna, don masu wannan suna a garin sun isa su cika bas. Amma ka ce Ganuwa, ko ɗan acaɓan da ya shigo garin jiya zai kai ka har ƙofa. Za ka tarar da shi a kan benci, gajeren mutum mai furfura, malamin lissafi na firamare da ya yi ritaya, da tef ɗin awo a aljihun gaba inda sauran mutane ke soke biro. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa biki. An taɓa ganinsa yana auna tabarmar da aka shimfiɗa masa a gidan suna. Mutanen Roni sun ɗauka halin malaman lissafi ne, suka bar shi da abinsa. To ba haka ba ne, kuma sai bana aka san dalili.

Sunan Ganuwa a filin ƙwallo ya samo shi, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, kuma duk wani mutunci da yake da shi a jikin sunan nan yake rataye. Ko ranar da aka je nema masa auren Sa'adiyya, kawunta bai tambayi sana'arsa ba. Cewa ya yi, "Ganuwa na kwaleji? Ku zauna mana, a kawo ruwa." Abin da kawun bai sani ba, wanda babu mahalukin da ya sani sai mai sunan, shi ne yadda aka yi ganuwar ta ginu.

Asalinsa ɗan Babura ne. Mahaifinsa, Baba Kura, mutanen gabas ne da suka daɗe da zama a can, yana sayar da yadi a kasuwa. Baba Kura dogo ne na a zo a gani, kuma bai taɓa riƙe sandar awo ba. Zai kama bakin yadi da yatsu, ya miƙe hannu iya miƙewa, ya kau da fuska, ya kai ɗaya gefen kan hancinsa, ya ce, "Ɗaya." Mutanen Nijar har layi suke yi a rumfarsa, don yadinsa cikakke ne, wani lokaci har da ɗan ƙari. Aikin Muhammadu Lawal a rumfar ninkewa ne da ɗaurewa. Awo kam Baba Kura ba ya bar wa kowa. Amma ɗan ya ga ana yi sau dubu, kuma a ganinsa babu wani abu mai wuya a ciki, hanci ne da hannu, kowa yana da su.

Da ya gama sakandare ya sami shiga wata kwaleji sabuwa fil da aka buɗe a bayan Kazaure, wajen duwatsu, wadda mutanen gari suke kira jami'a ko ta so ko ta ƙi. A shekararsa ta biyu takarda ta zo cewa manyan makarantu shida na yankin za su fara gasar ƙwallon ƙafa, gida da waje. Kwalejin ba ta da ƙungiya, ba ta da fili, ba ta da koci. Sai aka naɗa Malam Manasseh, malamin Turanci, saboda shi kaɗai ne yake da usur. Fili kuma aka share wata tsohuwar gonar gyaɗa. Ɗalibai suka yi mako guda suna baje kunyoyin gonar da fartanya.

Saura raga. Malam Manasseh ya buɗe littafin dokoki ya karanta: faɗi yadi takwas. Tsayi ya riga ya zana da alli a jikin bangon sito. Aka nemi tef a siton, babu. Shi kuma mota tana jiransa, zai je gida ganin iyali. Ya dubi ɗaliban ya ce, "Waye ya san yadi a cikinku?"

Duk suka juya suka kalli ɗan mai yadin Babura. Shi kuwa kansa ya fasu. Ya karɓi igiya, ya miƙe hannu, ya kau da fuska yadda Baba Kura yake yi, har da 'yar gyaran murya, ya ƙirga takwas, ya ƙulla. Ya kai wa Isaac mai walda a cikin gari. Isaac mutum ne mai cika aiki, abin da aka kawo masa shi yake yi. Ya yanka ƙarfe daidai da igiya, raga biyu, ya shafa farin fenti, aka kafa su da siminti.

Tsaron gida ma haka ya faɗo masa. Ba ya iya gudu, kuma babu mai son tsayawa a raga. Ɗan gaba kuwa ba a yi gardama ba, Zaharadeen ne, ɗan Gwiwa, siriri, wanda in ya buga ƙwallo sai ka ji ƙararta daga ɗakin karatu. Shi aka ba kyaftin. Ɗakinsu ɗaya da Muhammadu Lawal, kwanonsu ɗaya. Shi Zaharadeen ba don wasa yake wasan ba. Mahaifinsa ya so ya zauna a gona, shi ya ce a bar shi, ƙafar nan za ta ci da gidan.

Wasan farko a gida, rabin Kazaure ya fito. Aka yi minti casa'in ana fafatawa, aka tashi babu ci. Ƙwallo ta bugi ƙarfe sau biyar, uku a ragar baƙi, biyu a ta gida. Wasa na biyu, babu ci. Na uku, an samu ɗaya, ita ma wani ɗan bayan baƙi ne ya ci gidansu da ƙeya. Na huɗu, babu ci. Fentin Isaac ya fara ɓarewa a jikin ƙarfen saboda duka. Wani ɗan gaban baƙi ya taɓa cewa alƙalin wasa, "Yallaɓai, ragar nan ba ta yi ƙanƙanta ba kuwa?" Alƙalin ya ce masa ƙafarsa ce ta yi girma, ya koma wasa.

Gaskiya dai a faɗe ta, Muhammadu Lawal ya kama ƙwallaye. Yana da ido, ba ya tsoron takalmi, yana faɗawa ƙasa kamar an jefar da buhu. Amma abin da ya fi burge jama'a shi ne yadda ƙwallo za ta taho da gudu, ya tsaya cak, ya ɗaga hannu ɗaya ya ce, "Waje!" Ita kuwa sai ta wuce ta gefen ƙarfe. Kai, mutane har tsalle suke yi. Wani mai shayi ne ya fara ihun "Ganuwa!" Kafin wata ya ƙare, har malamai da shi suke kiransa a aji. Shi kuma Zaharadeen ya samu nasa sunan a filin nan, Ƙarfe, don duk bugun da ya yi can take zuwa. Tun yana dariya har ya daina.

A waje kuma labarin daban ne. Ƙwallo za ta taho, Ganuwa ya tsaya cak, ya ɗaga hannu ya ce, "Waje!" Sai ya ji ihu, ya waiga ya gan ta kwance a raga. An ci su huɗu a nan, uku a can, biyar a wani wurin. Masana a Kazaure suka zauna suka gano cewa mutanen can binne-binne suke yi a bakin raga. Daga nan ƙungiyar ta koma tafiya da ruwanta a jarka, ba ta cin abincin kowa. Ba a daina cin su ba, sai dai yanzu da yunwa ake cin su. Zaharadeen ya ci biyu a waɗannan tafiye-tafiyen, masu kyau kuwa, amma wa ya gani? Babu ɗan Kazaure ko ɗaya a wurin.

A wasansu na ƙarshe a waje ne abin ya faru. Masu masauki sun makara wajen ɗaura raga, suka ce Ganuwa ya taimaka ya riƙe igiyar sama, wadda ake bi da ita jikin ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan. Yana tsaye yana jira, hannu ya yi abin da ya saba gani. Hanci, yatsu, ɗaya. Hanci, yatsu, biyu. Ya kai takwas, igiya ba ta ƙare ba. Tara cif.

Ransa ya ɓaci. Ashe ba asiri ba ne, cuta ce! Har ya taka zai je wurin alƙali, sai ya tsaya, ya sake tunani. Wannan fili na biyar ke nan da ake cinsa a inda ya ce waje. Makarantu biyar ba za su haɗa baki su yi cuta iri ɗaya ba. Aka ci su uku ran nan, bai ce "waje" ko sau ɗaya ba.

Da hutun mako ya je Babura. Ya faki idon Baba Kura, ya shiga rumfar maƙwabci, ya ɗauki sandar yadi ta katako ya ɗora bakinta a hancinsa, ya miƙe hannu har kafaɗa ta yi ƙara. Sandar ta wuce yatsunsa da inci huɗu. Ya sake gwadawa, ya kau da fuska har wuya ya yi ciwo, huɗun nan suna nan. Lissafi ba ya ba shi wuya. Huɗu sau takwas, talatin da biyu. Ragarsu ta gaza da inci talatin da biyu, sha shida a kowane gefe. Ya leƙa ya hango mahaifinsa yana auna wa wata mata, hannun nan kamar muciya, ya dubi nasa. Sai ya ajiye sandar a hankali ya fita.

Saura wasa ɗaya, a gida, da waɗanda ke kan gaba a gasar. Kuma labari ya zo cewa mutum biyu daga wani babban kulob za su zo daga Kano su duba 'yan wasa. Zaharadeen ya wanke takalminsa sau biyu a makon. Ya ce, "Ganuwa, wannan karon in ta bugi ƙarfe, sai dai ta karya shi ta shiga."

Muhammadu Lawal ya je har ƙofar ofishin Malam Manasseh. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai wasu ɗalibai mata suka wuce, ɗaya ta ce, "Sannu Ganuwa, Allah ya tsare mana kai ranar Asabar." Ya sauke hannun. Ya ji tsoro, ya ji kunya, amma babban abin shi ne yana son sunan nan. Gajeren ɗan mai yadi da ba a taɓa bari ya yi awo ba, yau gari guda yana kiransa Ganuwa. Ya ce a ransa bayan wasa zai faɗa.

Ranar Asabar Zaharadeen ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Sau uku yana yanke 'yan baya ya saki ƙafa, sau uku ƙarfe yana amsawa, ƙau! A na ukun ya durƙusa ya dafe kai. Mutanen Kano suka rufe littafinsu tun kafin a tashi. Babu ci. Kwalejin ta ƙare ta biyar a cikin shida, amma kaka guda ba a ci ta a gida ba, kuma wannan aka riƙe. Aka ɗauki Ganuwa a kafaɗa har bakin titi. Daga can sama yana hango Zaharadeen shi kaɗai yana kwance igiyar takalmi.

Bayan wasan bai faɗa ba. Shekara ta zagayo ya ce gwiwarsa tana ciwo, bai sake tsayawa a raga ba. Daga baya aka kawo raguna na kamfani, aka tumɓuke na Isaac aka jefa bayan sito, ya ɗan samu numfashi. Ya gama karatu, aka tura shi koyarwa Roni, ya sayi tef da albashinsa na farko. Yaran da suka bi ta ajinsa har yau suna ba da labarin ranar da ake darasin awo. Duk wanda ya auna tebur da tafin hannu, ranar sai ya raina kansa. "Hannunka na gwamnati ne? Ɗauko rula!" Ya yi aure, ya haifi Bahijja da ƙannenta, ya gina ɗaki huɗu waɗanda magini ya kusa gudu saboda awo. Zaharadeen kuma ya koma Gwiwa, ya yi noma, ya buɗe rumfar gyaran keke da babur a bakin kasuwa. Allon rumfar ma Ƙarfe aka rubuta, don da shi aka san shi. Suna haɗuwa a biki da jana'iza, Zaharadeen ya rungume shi ya ce, "Mu dai ba mu ci ba, amma kai ka fitar da mu kunya." Duk ranar da ya ji wannan, tuwo ba ya shiga.

Bana sai ga Zaharadeen a kan babur da takarda a hannu. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta gyara filin kwaleji, za a sa masa suna Filin Ganuwa. Shi ne ma ya kawo shawarar, shi ya bi mutane gida gida. "Kuma ka san me muka tono a bayan sito? Ragar Isaac! Ɗaya ta ruɓe, ɗaya tana nan garau. Mun kafa ta a bakin ƙofa don tarihi." Ya yi dariya har da buga cinya. "Har tabon dukana yana jiki."

Kwana uku Malam yana zaune a benci ba ya auna komai. A na huɗu da hantsi Sa'adiyya ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Malam, ko dai ka faɗa mini, ko in aika a kira Bahijja ta kai ka asibiti." Sai ya faɗa mata, tun daga igiya har sandar katako. Ya ƙare da cewa, "Hannuna bai kai yadi ba, Sa'adiyya."

Ta ce, "Ni da nake yanka maka hannun riga shekara talatin za ka gaya wa? Talatin da biyu ne, in ka ci abinci." Ta cire zare daga bakin allura. "Mutanen gari ba su dame ni ba, gobe za su sami wani abin magana. Zaharadeen ya sani?"

Ya girgiza kai.

"To wallahi ka cuce shi, Malam. Auna igiyar kuskure ne. Shirun nan kuwa ba kuskure ba ne." Ta mayar da ƙafa kan keke ta ci gaba da ɗinki.

Ranar bikin aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba. An ɗauko Malam Manasseh, ya tsufa tukuf, da usur ɗinsa a wuya. Aka yi jawabai, aka yaye ƙyalle a kan allo, ga suna da manyan baƙaƙe. Aka miƙa wa Ganuwa lasifika. Ya yi sallama, ya ce, "Zaharadeen, zo ka riƙe mini nan." Ya zaro tef, ya ba shi baki ɗaya ya kafa a jikin ƙarfen tsohuwar ragar, shi ya ja zuwa ɗaya gefen. Jama'a suka fara dariya, sun san halinsa.

Ya ce, "Doka ta ce inci ɗari biyu da tamanin da takwas. Wannan ɗari biyu da hamsin da shida ce. Ni na auna ta, da hancina. Ragar da na tsare ba ta cika ba."

Aka fashe da dariya, wasu har da tafi. Malam Manasseh ya ce shi dama tun a lokacin ya ga kamar da wani abu. Nan take aka sami mutum wajen ashirin da su ma tun a lokacin sun gani.

Zaharadeen bai yi dariya ba. Ya saki bakin tef ɗin, tef ya naɗe kansa da ƙara. Ya dafa ƙarfen, daidai inda fenti ya ɓare, sannan ya taka ya tsaya a gefensa ta waje, a wurin da ya kamata a ce cikin raga ne. Wurin ya ɗauke shi har da saura. Ya daɗe a nan tsaye.

Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Sau goma sha ɗaya na bugi ƙarfe. Ashe duk sun shiga."

"Duk sun shiga."

"Yaushe ka sani?"

Da ya ce bara, ko bayan sun gama makaranta, da an wuce wurin. Ya ce, "Mako guda kafin mutanen Kano su zo."

Zaharadeen ya dube shi, idanunsa sun kaɗa. "Muna ɗaki ɗaya, Muhammadu." Rabon da ya kira shi da wannan suna tun suna aji ɗaya. "Babana ya rasu yana cewa ƙafata karkatacciya ce. Ni ma na yarda." Ya karɓi tef ɗin daga hannunsa, ya sa a aljihu, ya hau babur ya tafi, bai tsaya cin shinkafa ba.

Allon yana nan, don an riga an rubuta, amma ɗalibai Filin Hanci suke cewa. A Roni ma sunan Ganuwa bai mutu ba, sai dai yanzu da murmushi ake faɗarsa, kuma Malam yana amsawa. Bai sayi wani tef ba.

Duk ranar kasuwar Gwiwa yana hawa acaɓa ya je rumfar gyaran babur. Makon farko Zaharadeen bai ɗago ba, Malam ya yi tsayuwar awa guda ya dawo. Na biyu ma haka. A na uku rumfar cike take da masu jiran faci, wani ya ƙwala kira, "Ƙarfe, tayata fa?" Sai Malam ya juya ya yi wa mutumin bayani tiryan-tiryan cewa ragar ce ba ta cika ba, da inci da komai, har mutumin ya yi nadamar tambaya. Zaharadeen yana jin su yana ɗaure noti. Da ya gama ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Nawa na ci a gida a kakar nan?"

Malam ya ce, "Goma sha ɗaya."

"Ɗaga murya, akwai hayaniya."

"Goma sha ɗaya! Uku a gaban mutanen Kano."

Tun daga ranar haka suke gaisawa. Bai ce ya yafe ba, Malam kuma bai tambaya ba. Kowane mako sai ya tsaya a bakin rumfa ya faɗi adadin a gaban duk wanda yake wurin, sannan Zaharadeen ya ture gwangwanin gris daga kan benci ya ce, "To zauna."